Giris a Gidan Gogayya

Shekara bakwai Auta ya yi ba ya gida, amma ranar da ya dawo, tun kafin ya sauke jakarsa, ya riga ya gano abin da ke damun gidan da layin da garin baki ɗaya. Ba wanda ya san gogayya.

"Gogayya kuma?" in ji Inna, tana zuba masa shayi. "To kai da yayarka tun kana rarrafe me kuke yi?"

"Ba irin wannan ba, Inna. Ta ƙarfe nake nufi. Ta jirgin ƙasa."

Ya dawo da hular kwano ruwan ɗorawa da riga mai ratsin da ke walƙiya, kuma da su yake cin abinci, da su yake zuwa gaisuwa. Duk wanda ya tambaye shi aikin da ya yi a can, sai ya gyara zaman hular ya ce, "Injiniyan taragu." Baƙin da ya kafe a ƙarƙashin faratansa kuwa, wanda sabulu ya yi ya gaji, cewa ya yi tawadar zane ce.

Gaskiyar magana, wadda daga shi sai Mahaliccinsa suka sani, ita ce a babban garejin jiragen ƙasa na can an ba Auta bokiti ɗaya da buroshi ɗaya da bindigar giris, kuma su ya riƙe har ya baro. Duk abin da ya yi ƙiiit a wannan gareji, daga ƙofar ofis har mahaɗar layi, sai ka ji an ɗaga murya, "Ina mai giris?" Shekara bakwai ba wanda ya tambayi sunansa. Ilimin gogayyar ma ta taga ya same shi, wata rana da wani injiniya yake yi wa sababbin ɗauka bayani a kan abin da ke bayan ƙugiyar tarago. Auta ya laɓe da bokitinsa ya ji rabin farko tsaf. Ana shiga rabi na biyu wata ƙofa ta yi ƙara, aka kira shi.

Mako uku da dawowarsa zama ya gagare shi. Ya zauna a ɗaki, ɗakin ya yi masa kaɗan. Ya fita layi, layin ya yi masa gajarta. Abu ɗaya ne idonsa ya kafe a kai: tsohuwar taraktar marigayi babansu, wadda makullinta ke rataye a ƙusa bayan ƙofar Inna. Mutum ɗaya ake sauke wa wannan makulli, mijin Yaya, wani bawan Allah da ake kira Sannu-Sannu saboda ko atishawa sai ya yi shawara kafin ya yi ta.

Ita Yaya kiwon zuma take yi. Akwati talatin gare ta a filin bayan gida, kuma duk shekara idan lemo ya yi fure a lambunan da ke ɗaya gefen gari, sai a kwashe su a kai can. Tirela ɗaya, akwati goma, safiya uku, Sannu-Sannu yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali, domin ƙudan zuma sun yarda da tafiya amma ba su yarda da fizga ba.

"Safiya uku!" Auta ya ce, ya ajiye kofi. "Yaya, a inda na fito, tarago sittin ake haɗawa, direba ya taka birki, shayin da ke hannun mai gadi a taragon ƙarshe ko motsi ba ya yi. Ki ba ni tirela uku. Tafiya ɗaya. Zumanki ba za su san sun bar gida ba sai sun ji ƙanshin lemo."

"Kai da ko keke ka hau sai an yi wa kaji addu'a?"

"Wancan Auta ne. Wannan injiniya ne."

"Hular ce injiniya ko wanda ke ciki?"

Inna ce ta raba gardamar, don ta gaji da ganin ɗanta yana zagaya tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure. Ta ce, "In akwatunan nan suka isa lambu lafiya a tafiya ɗaya, makullin babanku ya zama naka. In ba su isa ba, ko inuwar taraktar nan kada in ƙara ganinka a ciki."

Sannu-Sannu ya buɗe baki zai yi magana. Kafin ya kai ga kalmar farko an kwashe kofuna.

Washegari Auta ya kira taron bayani a ƙofar shagon mai aski, inda duk wani marar aikin yi a layin yake da wurin zama. Ya kawo baro biyu, ya ɗaura wani ƙaton sifirin irin na cikin kujera a goshin ɗaya, ya sa mai aski ya riƙe ɗayan da ƙarfi.

"Wannan tarago ne, wancan ma tarago ne. Ku buɗe idanu."

Ya ja da baya, ya taho a guje. Baro ya daki baro, sifirin ya lanƙwashe, sannan ya miƙe da duk abin da aka ba shi har da ƙari. Hannun baron ya sami Auta a ƙasan cibiya, ya yi taku uku da baya, ya zauna daɓas a cikin kwata. Hular ta gangara ta tsaya a ƙafar wani mai jiran aski.

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Auta ya miƙe yana ɗiga, ya karɓi hularsa, ya ɗaga yatsa.

"Madalla. Abin da nake so ku gani ke nan."

"Ai mun gani," in ji mai aski. "A ƙara mana."

"Sifirin shi kaɗai ɗan ramuwa ne. Ka mare shi, ya mare ka. Shi ya sa a jirgi ba a barinsa shi ɗaya. Akwai wani gida na ƙarfe a bayan ƙugiya. A ciki akwai weji, wani ƙarfe mai siririn baki da kaurin gindi, da wasu takalman ƙarfe a gefe da gefe, sifirin yana can ƙurya. In tarago ya daki ɗan'uwansa, wejin ya nutsa, ya tura takalman su matse bango, su goge shi da ƙarfin tsiya. Wannan gugar ita ke cinye dukan. Kafin sifirin ya ce zai rama, ba abin da ya rage masa. Gogayya ke nan, jama'a!"

Daidai nan aka ji wani ƙara daga cikin gidansu, sai salatin Inna, sai muryarta tana tambayar wane ɗan albarka ne ya cire wa kujerarta hanji.

A ƙarshen bencin mai aski akwai wani dattijo da bai yi dariya ba. Baba Mai Guduma ake ce masa. Shekara talatin da biyar ya yi yana bin jirage a tasha yana ƙwanƙwasa ƙafafunsu da 'yar doguwar guduma, yana saurare, har kunnensa ya mutu a kan maganar mutane ya rayu a kan ta ƙarfe. Ya yafito Auta.

"Bayaninka ya yi, ɗana. A wane sashe ka yi aiki?"

"Sashen... motsi, Baba."

"Me?"

"Motsi!"

"Jirgi ai duk motsi ne." Dattijon ya kama hannun Auta, ya duba faratan ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen wake, ya sake shi. "Allah ya yi albarka."

Sa'a, an ce, ta fi sammako. A wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa Auta ya tono irin gidajen ƙarfen nan har guda uku, ƙanana, na taragun da ake jan dutse da su a da. Tsatsa ta cinye su har sun koma kalar ƙasa. Baba ya biyo shi ba gayya, ya ƙwanƙwasa kowanne, ya kara kunne, ya ce suna da rai. Aka ari tirela biyu, aka kai komai farfajiyar mai walda.

Mai walda ya haɗa biyu. Ana kan na uku aka kira shi a waya, Auta ya ɗauki abin waldar.

"Ajiye, Injiniya, wuta ce."

"Je ka abinka. Mu da muke ɗinke kan jirgi?"

Ya rufe fuska, ya yi ta feshin tartsatsi har ya gamsu. Da aka zo gwaji, Sannu-Sannu ya hau tarakta, ya yi bismillah, ya ja. Tirela ta farko ta biyo. Ta biyu ta biyo. Ta uku ta biyo. Ƙofar farfajiyar mai walda ma ta biyo, da ginshiƙinta, da allon da aka rubuta sunan shagon, da wandon da matarsa ta shanya a kai. Sai da suka yi rabin layi Sannu-Sannu ya gama yanke shawarar tsayawa.

"Tarago na huɗu ke nan?" mai aski ya tambaya daga bakin shagonsa.

"Gwajin ƙarfin walda ne," in ji Auta. "Ta ci jarrabawa."

"Ƙofata fa?" mai walda ya taho da gudu.

"Ita ce ba ta ci ba."

Kwana biyu aka yi ana raba ƙofa da tirela, aka sake gwaji. Wannan karon Yaya ta cika babbar roba da ruwa har baki, ta ɗora a tirelar ƙarshe, Baba ya hau ya zauna kusa da ita. Sannu-Sannu ya ja, ya taka birki. Ya sake ja, ya sake takawa, har sau biyar. Ruwan ya yi ɗan rawa ya tsaya. Ko ɗigo bai zuba ba.

Sai dai kukan. Duk birki ɗaya, gidajen ƙarfen nan uku sai su saki wata irin ƙara, ƙiiiii-gurrr, mai shiga haƙori ta fita ta ƙeya. Karnukan layi suka ɗauka. Wani jaki da ke ɗaure a bayan makaranta ya amsa da iyakar gaskiyarsa. Mata suka leƙo suna tambayar gidan wa aka yi rasuwa. Mai aski, da almakashi ya kuɓuce masa ya yi wa wani hanya a tsakiyar kai, ya fito yana share hawaye.

"Injiniya, jirgin naka naƙuda yake yi? A kira unguwarzoma?"

"Jakin can ya ce a gaishe da ƙanensa," in ji mai walda, wanda bai manta ƙofarsa ba.

Yaya kuwa robar ruwan take kallo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, a hankali kamar ana cire mata ƙaya, "Ya yi. Ya yi ta ihunsa, in dai zumana ba su yi ba. Gobe da safe."

Baba ya sauko yana murmushi, ya shafa gidan ƙarfen, ya ce wa Auta ya taɓa. Da ɗumi. "Ka ji? Dukan ne ya koma zafi. Wannan kukan shi ne aikin. Ranar da ya yi shiru, ku ne za ku yi kukan."

"Zamaninku ke nan, Baba. Yanzu an ci gaba."

"Me?"

"Na ce an gode!"

Da rana aka ajiye masa abinci, ya kasa ci. Ya yi nasara, makulli saura kwana ɗaya, amma ba wanda ya ce Injiniya ya iya. Naƙuda aka ce. Jaki aka ce. Kuma a can cikin kunnensa, bayan kowace ƙiiiii, wata tsohuwar murya tana tashi, wadda ya sha shekara bakwai yana amsawa. Ga Auta, ƙarfe mai kuka abin kunya ne, kamar yaro ya fita da majina uwarsa na kallo. Gobe duk layi za su fito, shi yana saman tarakta da hularsa, a bayansa jakai uku suna rera waƙa?

Ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado. A can ƙasa, naɗe cikin tsohuwar riga, bindigar giris take, da buroshi, da gwangwani cike. Ya zagaya bayan gida inda aka jera tirelolin, ya duba hagu ya duba dama, ya durƙusa.

A nan fa hannu ya tuna gida. Duk abin da Auta ya taɓa tun dawowarsa ɓaci yake yi, amma wannan aikin nasa ne. Ya goge tsatsar bakin gidan ƙarfen, ya nemo kowace kafa, ya cusa bakin bindigar, ya matsa a hankali har sai da giris ya ratsa bayan weji, ya bi takalman, ya leƙo ta ɗaya gefen. Ya bi da buroshi. Ya share abin da ya yi saura da tsumma, yadda ko ƙuda ya sauka ba zai ce an yi wani abu ba. Uku duka.

"Me kake yi a nan da rana tsaka?" Inna ce, da kwandon shanya a hannu. "Wannan kuma mene ne?"

"Na'urar awo ce, Inna."

"Me take aunawa?"

"Gogayya."

"Allah ya sa ta auna maka hankali," in ji ta, ta wuce.

Gari na wayewa aka toshe ƙofofin akwatuna da raga, aka jera su goma-goma, aka ɗaure da igiya. Yaya da mijinta suka shiga fararen kayansu na zuma masu rufin fuska. Ta miƙo wa Auta na uku.

"Me zan yi da shi? Wanda ya san zumansa za su fito shi ke sa wannan."

"Zuma ga zaƙi ga harbi, Auta."

"Injiniya."

Inna ta sauko da makullin daga ƙusa, ta riƙe shi ɗan lokaci, ta ɗora masa a tafin hannu. "Aro ne, sai an isa."

Yaya ta hau tirelar tsakiya, Sannu-Sannu ya hau ta ƙarshe. Layi ya cika. Duk wanda ya ji labarin naƙudar jiya ya zo da kunnensa, har da waɗanda suka toshe shi da auduga tun daga gida. Auta ya tayar da tarakta, ya gyara hula, ya ja.

Shiru. Tireloli uku suka biyo shi sumul, kamar ana jan zare a cikin man shanu. Auta ya waiga ya ga bakunan mutane a buɗe, ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga hula har takalmi.

A kan bencin mai aski, can ƙasan gangare, Baba Mai Guduma ya karkata kai. Ya ƙara karkatawa. Sai ya miƙe tsaye da saurin da ba a gan shi da shi ba tun da ya bar aiki, ya shiga tsakiyar hanya yana kaɗa hannu biyu.

"Tsaya a hankali! Kada ka taka! A hankali!"

Auta ya ɗaga masa hannu shi ma, irin na manya. Dattijon ya dube shi, ya dubi akwatuna talatin, ya juya wajen mai aski.

"Ƙofarka tana rufuwa da kyau?"

"Me ya faru, Baba?"

Baba ya wuce shi da sauri. Ya shige shagon ya ja ƙofa, aka ji ƙarar sakata.

Dama tun jiya Auta ya tsara inda zai nuna gwaninta: daidai ƙofar mai aski, a gaban kowa, birki ɗaya mai kyau, don a ga tsayuwar jirgi ba naƙuda. Ya ƙara wuta a gangaren. Ya iso. Ya taka.

Tarakta ta tsaya. Tirelar farko ta matso ba ƙara, ta biyu ta matso, ta uku ta matso, suka dunƙule kamar masu raɗa. Auta ya buɗe baki zai ce kun gani. Sai sifirin uku, waɗanda yau ba mai cinye musu duka, suka tuna cewa su 'yan ramuwa ne.

Tirelolin suka watse baya da ƙarfi, suka fizgi taraktar har haƙoran Auta suka haɗu. Suka kai ƙarshen ƙugiya, suka dawo. Gaf! Tarakta ta yi tsalle gaba. Suka koma. Suka dawo. Kamar surukai biyu da suka haɗu a ƙofa kowa na cewa kai fara shiga.

"Auta!" Yaya ta rungume akwati biyu. "Me ka yi?"

"Yana daidaita kansa ne! Haka yake yi da farko!"

"Igiya," in ji Sannu-Sannu daga baya, karo na farko a rayuwarsa da ya faɗi abu a kan lokaci. "Igiya tana kwancewa."

Auta ya yi abin da ya ga ya dace da injiniya: ya saki birki ya taka mai, don ya miƙar da jirgin. Jirgin ya miƙe kuwa. Fizgar ta bi ta tirelar farko, ta ƙaru a ta biyu, ta isa ta uku kamar bakin bulala. Sannu-Sannu ya tashi sama a zaune, ya sauka a zaune, amma ba a kan tirela ba. Akwati ɗaya ya bi shi. Sai biyu. Auta ya firgita ya sake taka birki, sauran da suke shawara suka yanke. Bakwai aka ƙirga daga baya.

Aka ji murfin wani akwati yana juyi a kan kwalta. Sannan wani sauti ya taso daga ƙasa, mai kauri, kamar babbar mota tana tahowa daga nesa.

Ƙafa me na ci ban ba ki ba. Mutumin da ake yi wa aski ya bi layi da ƙyalle a wuya da rabin gashi. Mai aski ya daki ƙofar shagonsa yana kiran Baba, Baba kuwa kunnensa ba ya jin maganar mutane. Mai walda ya ja abin rufe fuskarsa ya tsaya yana dariyar masu gudu, sai ya tuna gajeren wando ne a jikinsa. Wata mai sayar da kayan miya ta kifa tire a kai ta bar tumatir ya yi ta kansa. Masu audugar kunne su ne na ƙarshe da suka gane abin da ake ciki, su ne kuma suka fi kowa gudu.

Amma duk wannan ratse ne. Ƙudan zuma ba sa son wari mai ƙarfi, kuma a duk layin mutum ɗaya ne ke tashin giris tun daga farce har gwiwar hannu. Suka bar kowa suka nufi saman tarakta. Auta ya danne hularsa, ashe ya danne ta da guda shida a ciki. Ya diro, ya yi gabas, suka yi gabas. Ya yi yamma, suka riga shi. Daga ƙarshe ya hango durom ɗin ruwan mai aski, ya faɗa ciki da kai, ƙafafu a sama, takalman injiniya suna harbin iska.

Sai wajen azahar Yaya ta gama lallashin dabbobinta da hayaƙi, ita da mijinta, suka mayar da murafu, suka ɗaure abin da ya tsage. Jama'a suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, kowa da inda ya kumbura, suka taru a ƙofar mai aski domin ba wanda yake son a ba shi labarin abin da zai biyo baya. Aka zaunar da Auta a kan benci. Idonsa ɗaya ya rufe, leɓensa na sama ya yi kamar an ɗora masa burodi, hular kuma ta ƙi shiga. Inna ta zo ta tsaya a gabansa, sai da ta duba rigar kafin ta yarda nata ne.

Baba Mai Guduma ya buɗe sakata ya fito, ko cizo ɗaya babu. Ya je gun gidan ƙarfen farko, ya zura yatsa, ya fito da shi baƙi yana sheƙi. Ya shinshina. Ya duba na biyu, ya duba na uku, yana gyaɗa kai.

"Jama'a, ku zo ku ga aiki. Shekara talatin da biyar ina tasha, ban taɓa ganin giris da aka sa da kyau haka ba. Ko'ina ya shiga, ko'ina bai zuba ba. Injiniya ba ya iya wannan. Su ƙazamai ne, lafta shi suke yi su tafi." Ya goge yatsan, ya kankare tsatsar gefen gidan da bakin gudumarsa, wasu haruffa suka bayyana. "Ga shi ma a rubuce. Kada a sa mai. Duk wanda aka koya wa abin nan, ana gama bayanin weji da takalma, magana ta gaba ke nan. Ba a gaya maka ba, ɗana?"

"Ai daidai wurin aka kira ni," in ji Auta ta cikin kumburin, kafin hankalinsa ya kamo bakinsa. "Ƙofar ofis ce ta yi ƙara, aka ce ina mai gi..."

Ya tsaya. Amma magana zarar bunu ce.

"Mai me?" in ji Yaya, ta cire rufin fuskarta don ta ji da kyau.

"Tawadar zane," mai walda ya ce, yana sosa cinya. "Wallahi tawadar zane."

Dariyar da aka yi ta fi ta ranar kwata, sai dai kowa yana yi yana cewa wash. Inna ba ta yi ba. Ta miƙa hannu kawai, tafi a sama. Auta ya laluba aljihu, ya ciro makullin babansu yana ɗigar ruwan durom, ya ajiye mata. Ta juya ta ba Sannu-Sannu.

"Safiya uku," ta ce. "Ko huɗu ma, in ka ga dama."

Auta ya bi makullin da idon da ya rage masa har ya shige aljihun wani. Ya ja numfashi, ya ɗaga abin da ya saura na haɓarsa.

"Amma dai ku ji tsoron Allah ku faɗi gaskiya. Ya yi kuka?"

"A'a," in ji Baba, wanda wannan karon ya ji sarai. "Bai yi ba. Mu muka yi masa."

Mutumin rabin gashi ya dawo a ƙarasa masa. Ya hau kujerar aski, mai aski ya juya ta, ta ce ƙiiit. Mai aski ya dakata. Ya dubi kujerar, ya dubi jama'a, ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a can nesa.

"Ina mai giris?"

Kafin Auta ya san abin da ake ciki, ƙafafunsa sun riga sun miƙe.